An Buɗe Masaƙar Garin Zare, An Tafi da Mabuɗin

Jiya tun hantsi ina layin esans, wato fetur, a hanyar Dapoya, ina tura motona mai ƙafa biyu taku-taku kamar mai lallashin tsohon jaki. Maƙwabcina Baba Kabo yana tsaye a inuwar katanga, ya sha shuɗiyar babbar rigarsa wadda ba ya fito da ita sai da sallah. Da layi ya zo kaina, mai zuba man ya rataye tiyo ya ce a dakata, motocin manya za su sha tukuna, suna sauri za su Garin Zare buɗe masaƙa. Na ce masa ai mu ma can za mu. Ya dube ni, ya dubi moton, ya ce, "To, ku ai ba ku za ku buɗe ba."

Gaskiya ya faɗa. Muka sayi na kwalba a bakin titi, wanda rabinsa Allah kaɗai ya san mene ne, muka kama hanya.

Ga wanda bai san Baba Kabo ba, katangarmu ɗaya a nan Zango, kuma ƙuruciyarsa kaf a masaƙar nan ya ƙarar da ita. Tun da rediyo ya ce za a farfaɗo da ita ya hana ni sakat. "Bilya, ka kai ni," in ji shi. "Ba jawabi zan je ji ba. Jiniyar nan nake so in ƙara ji sau ɗaya kafin a kira ni."

A hanya, bakinsa a kunnena, ya sake ba ni tarihin da na riga na haddace. Wurin asalinsa fili ne, sai itatuwan kuka da makiyaya. Da aka gina masaƙar, marina da masaƙan Zango suka kwashi iyali suka koma, Mosawa suka zo daga ƙauyuka, Fulani suka biyo da nono, gari ya tashi ba wanda ya sa masa suna sai zare. Gidajen ma'aikata layi-layi ne iri ɗaya, har wani ango ya taɓa yin sallama a gidan maƙwabci ya zauna yana jiran tuwo. Jiniya ce ke tashin gari, ita ke aika yara lakwal, wato makaranta, ita ke gaya wa mata lokacin ɗora tukunya. Rafin bayan gari yau shuɗi gobe ja, mata na duba shi su san launin atamfar da za ta fito, awakin garin kuwa ba mai launin da Allah ya halicce ta da shi. Yaro ya fara magana da Hausa, ya ratsa ta Mosanci, ya sauka da Faransanci, ba wanda ya ga abin mamaki.

Sai wata rana aka ce za a yi gyara. Jiniya ta yi shiru. Injuna suka hau manyan motoci suka tafi asibiti, har yau ba a sallame su ba. Maza suka watse neman abinci, Baba Kabo ya dawo Zango. Mata suka rage. Yayarsa Inna Maimunatu ce ta tara su, suka share babban zauren da jemagu suka gada, suka kakkafa masaƙar hannu. Shekara da shekaru saƙar matan nan ke riƙe da garin. Ni kaina zanensu nake sayarwa a shagona, don haka kada wani ya ce ba ni da ra'ayi a maganar. Ina da shi, har da riba.

Muna isa na ga gaban masaƙa ya sha fenti fari tas, an kafa rumfuna, an jera kujeru masu riga. Can gefe kuma, ƙarƙashin mangwaro, ga kayan saƙar mata a jibge kamar itacen girki, zare ya cakuɗe da zare. Inna Maimunatu na zaune a kai tana fifita da bakin mayafi.

"Yaya, me ya faru?" in ji Baba Kabo.

"An ce mu fitar da tarkace," ta ce. "Manya za su zo su dawo da saƙa garin nan."

Ta nuna mini wani zane da aka saƙa rabi, na bikin wasu mutanen unguwar Widi ne, ta shagona aka yi alkawarin kai shi kafin Juma'a. Matan da ke tsaye bayanta ba mai dariya. In zauren nan ya fita hannunsu ga damina a bakin ƙofa, to saƙa ta ƙare, tukunya ma ta bi ta.

Manya suka iso bayan azahar, ko da yake katin gayyata ya ce da safe; ina jin safiyar manya daban ce da tamu. A gaba akwai Mai Girma Sarkin Almakashi, wanda ban taɓa ganin kirtanin da ya gagare shi ba. Bayansa Madakin Jawabi, sai Ubandawakin Tafi da tawagarsa. Duka sun yi anko da wata atamfa mai hoton masaƙar, bututunta na fitar da hayaki gwanin sha'awa. Da yake sana'ata ce, na ɗaga gefen zanen wata mai rabon ruwa na duba. Rubutun da ke jiki ko ta ina zan fara karanta shi ban sani ba. A ƙetare aka buga ta. Na yaba wa hikimar: ina amfanin wahalar da masaƙan gida a ranar da ake karrama su?

Madakin Jawabi ya yi magana har inuwa ta juya. Ya ce tarihi ya farka. Ya ce matan Garin Zare su ne ƙashin bayan ƙasa, aka yi tafi, ƙashin bayan kuwa yana can kan tarkacensa, inuwar mangwaro ta bar shi a rana. Ya ce sababbin injuna suna kan teku. Wannan ta burge ni ƙwarai, domin mu da ƙasarmu ba ta da teku ba yadda za mu yi mu je mu leƙa.

Sarkin Almakashi ya yanka kirtani, aka buɗe ƙofa, aka bar mu muka leƙa daga nesa. Zaure fayau, sai wani ƙaton abu a tsakiya an lulluɓe shi da tamfol, aka ce samfurin injin ne, ba a taɓawa. Daga nan aka miƙa masa wani jan maɓalli ya danna. Kuka ya tashi daga lasifikar mai kiɗa, irin na motar ɗaukar marasa lafiya.

Na juya wajen Baba Kabo. Ya cire hula, idonsa ya cika. Ya saurara har ta gama, sannan ya mai da hular a hankali.

"Ba ita ba ce," ya ce. "Tamu a ƙirji ake jin ta, ba a kunne ba."



Kafin mu ankara wani mai baƙin tabarau ya ja ƙofar ya datse da sabon kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu. Inna Maimunatu ta sha gabansa da ladabi.

"Ranka ya daɗe, mu fa? Kayanmu na waje, ga hadari."

"Hajiya, wannan yanzu dukiyar al'umma ce. Kwamiti zai zauna a kanku."

"A kanmu kuwa ya daɗe da zama," ta ce, amma ya riga ya shige mota.

Motoci suka tafi, masu rumfa suka fara kwance igiya. Ni dai raina ya ɓaci, har na fara tsara yadda zan je in yi wa mutanen Widi bayani. Inna Maimunatu ta miƙe, ta ɗaure mayafi a ƙugu.

"Bilya, kai da ƙarfinka, ɗauki wancan itacen ka biyo ni."

Muka zagaya bayan ginin. Ashe fentin a kusurwa ya tsaya. Katangar baya kuwa ta faɗi tun wata tsohuwar damina, wagegen wurin da raƙumi zai shige da kayansa, mata sun rufe shi da zana. Ta yaye zanar, muka shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa da kaya a ka. Wata ta ɗaga tamfol ɗin nan don neman wuri, sai ga teburan lakwal an ɗora wani kan wani. Aka aika wa malamin lakwal ɗin ya zo ya kwashi injinsa.

Baba Kabo ya tuɓe babbar riga ya rataye a ƙusa, ya zauna a ƙasa yana warware zaren da ya cakuɗe, yatsunsa na tafiya kamar jiya ya bar aikin. Kafin ruwa ya sauko ƙoshiya ta fara kai da kawowa, zaure ya ɗauki ƙwas-ƙwas. Da na ce mu tafi, ko ɗago kai bai yi ba.

"Ka gaya wa mutanen gida sai an gama zanen Widi. Yaya ba ta da mai ja mata zare."

Na dawo Zango ni kaɗai, a jiƙe. Na tsaya wajen Ɗan Malam mai shayi, rediyonsa na ba da labari cewa daga yau saƙa ta kankama a masaƙar Garin Zare.

"Kai da ka je," in ji Ɗan Malam, "ƙarya ce ko?"

Na ce masa wallahi gaskiya ce, da idona na gani. Ya dube ni kamar an saye ni.

Roƙona ɗaya gare ku masu karatu: maganar katangar bayan nan ta tsaya tsakaninmu. In ta kai kunnen Sarkin Almakashi, zai zo ya buɗe ta.