Waya Mai Ƙulli

Watan da mijina Malam ya rasu idona ya ƙara rauni, har na daina gane maɓallin da nake dannawa a ƙaramar rediyona in kamo karatun safe. Ban gaya wa kowa ba. Jikata ce ta lura ina lalube. Ta ɗauko jan farcenta ta ɗiga a kan maɓallin, ta bari ya bushe, ta ƙara ɗigawa har ya yi ɗan tudu. Har yau da yatsa nake samunsa. Ita ce muke kira Injiniya, tun kafin makaranta ta tabbatar mata da sunan.

Malam kafinta ne. Aikinsa na ƙarshe akwatunan sifika biyu ne da ya yi mata, masu tsayin ƙugu, ya manne bayansu da gam, ya shafe su da mai har mutum yana ganin fuskarsa. Kowanne da rami biyu a gaba. Na ƙasa ta daɗe da sa musu manyan sifiku. Na sama kuwa, waɗanda ba su fi bakin kofi ba, shekara uku suna buɗe. Wurin tuwita ne, ƙaramar sifikar nan mai fitar da siririn sauti, kuma irin wadda take so tsadarta ta fi ƙarfinta. Sai ranar Asabar wani shago da zai tashi ya karya kayansa rabin kuɗi. Ta shigo da kwali biyu, ɗaya tuwita biyu masu kan siliki, ɗaya biyu masu kan ƙarfe. Mai shagon ya ce ta gwada ta zaɓa, ta mayar da sauran kafin la'asar. Masu silikin sun zauna a ramin Malam kamar don su ya yanka. Masu ƙarfen sun fi ramin faɗi, sai an sa zarto. Ita kuma ta ce hannunta ba zai taɓa sa zarto a aikin kakanta ba.

Tana tsugune a falo tana ɗaura masu silikin sai ga Yayana, wanda ya yi shekara arba'in yana gyaran rediyo kafin hannunsa ya fara rawa.

"Lafiya lau, lafiya lau, a bar gaisuwar haka," in ji shi yana cire takalmi. "Ina amaryar tawa? An ce ta je bola ta yi tsintuwa."

"Ga ni nan, Tsoho. Shigo a hankali, kar ka taka min waya da ƙafafun nan naka masu kama da faranti."

"Faranti? Ƙafafun nan sun hau rufin bene sun kafa eriya ubanki yana rarrafe. Mu ga abin da kika kwaso. Wannan? Murfin kwalba kika bari aka sayar miki?"

"Murfin kwalbar da ko a mafarki bai taɓa shiga shagonka ba."

"Da ya shigo da na kore shi. Kayan da aka karya wa farashi ai sai a tambayi dalili. Ni da na zo neman aurenki an yi min ragi?"

"Kai ne kayan ragin ai. Shekara nawa kana kan kanta ba wanda ya taya?"

Ni ina gefe a kan darduma da carbina, ban sa baki ba. Tun tana shekara huɗu haka suke yi, in suka haɗu ba su taɓa juna ba to ɗayansu ba shi da lafiya.

Yaya ya buɗe ɗaya kwalin ya ɗago mai kan ƙarfe yana juya ta a haske. "Yauwa, ga kaya nan. Ki ga yadda take walƙiya, kamar haƙorin gwal."

"Shi ya sa ta burge ka. Ta tuna maka zamanin da kake da haƙori."

"Ƙarfe ƙarfe ne, yarinya. Siliki kuma ɗankwali ake yi da shi. Wa ya taɓa jin ɗankwali ya yi waƙa?"

"Yanzu za ka ji. In kunnen yana nan."

Ta miƙe ta fara shiri. Ta kafa makirfo a kan sanda, ta ɗauko tef ɗin awon Malam ta auna daga bakin akwatin hagu zuwa bakin makirfon, ta duba lambar sau biyu kamar yadda yake yi. Ta shimfiɗa bargo a ƙasa tsakaninsu don kar daɓe ya dawo da sauti, ta jera filo, ta kashe fanka, ta cire batirin agogon bango.

"An kashe fanka, an shimfiɗa bargo," in ji Yaya. "Haihuwa za a yi? A kira ungozoma?"

"Shiru nake so. In kuma dole ka yi numfashi, ka yi a hankali, ƙirjinka ƙara yake kamar tsohon injin niƙa."

"Mu a zamaninmu kunne muke karawa mu gaya wa rediyo ciwonta. Ba mu taɓa tambayar talabijin ba."

"Kwamfuta ce."

"Duk gilashi ne."

Ta danna. Wani sauti ya taso daga akwatin, ya fara da kauri kamar babbar mota tana tahowa daga nesa, yana hawa yana sirancewa har ya koma kamar kukan sauro.

"Shi ke nan? Ya ƙare?" in ji Yaya.

"Tun ɗazu ka sauka, Tsoho. Mu muna kan tafiya."

"Ƙarya kike, ba abin da ke fita!"

"Kaka, yana fita ko ba ya fita?"

Na ce yana fita. Gaskiya na faɗa, sai dai ban gaya musu cewa ni ma jim kaɗan bayansa na sauka ba.

Wani layi ya fito a fuskar kwamfutar, miƙaƙƙe kamar igiyar shanya da aka ɗaure da kyau. Injiniya ta ce haka ake so, yana nufin sifikar ba ta cin wani sauti ta bar wani. Ta kalli Yaya ta ɗaga gira.

"Sa'a ce," in ji shi. "Auna ɗayan."

Ta mayar da makirfo gaban akwatin dama, ta sake awo, ta sake dannawa. Layin ya taho daidai, da ya zo tsakiya sai ya zurma ƙasa kamar rijiya, sannan ya hauro.

Yaya ya tafa hannu. "Ga dalilin ragin nan ya fito! Na faɗa ko ban faɗa ba? Ɗauko masu ƙarfen, ni zan riƙe miki zarto."

Ta sake aunawa, rijiyar tana nan. Na ga ta kalli ramin Malam, ta kalli agogon da ta kashe da hannunta, ta ciro waya ta duba lokaci. Azahar ta wuce. Yaya ma ya ga fuskarta, sai ya gyara murya.

"Ke, musanya su. Ta dama ta koma hagu, ta hagu ta dawo dama. In rijiyar ta bi ta, ita ce mai laifi."

"Wa ya koya maka wannan?"

"Ni na koya wa wanda ya rubuta littafinku."

Ta kwance su ta musanya, ta auna duka biyun. Hagu miƙaƙƙe. Dama da rijiyarsa.

"To ba tuwitar ba ce," in ji ta a hankali. "Akwatin ne."

Ta yi min bayani ko da ban tambaya ba. Akwai wani ɗan allo da ke raba sauti tsakanin babbar sifika da ƙaramar, Malam ya kafe shi can ciki bayan katako inda hannu ba ya kaiwa. In a nan matsalar take, sai an fasa bayan akwatin. Na ji carbin ya tsaya a hannuna.

"Mijin ƙanwata bai taɓa yin aikin da aka dawo masa da shi ba," in ji Yaya, ba wasa a muryarsa.

"Na sani. To wa ya ba shi wayoyin da ya sa a ciki?"

"Ni mana. Wa zai ba shi?"

"Alhamdu lillahi, mun kama ɓarawo."

"Ɓarawo? Wayata ko a jirgin sama aka sa ta sai ya ƙara gudu!"

"Wayarka mai kyau, shi ya sa akwatin hagu ja da baƙa, na dama kuma baƙa da baƙa? Rowa ce ta hana ka jar?"

"Ƙarewa ta yi ranar. Ai an yi wa ɗaya ƙulli don a gane."

"Na gani. Na sa mai ƙullin a gurbin ja, kamar yadda kowa yake yi."

"To daidai kika yi," in ji shi. "Ƙulli ja ne. Kowa ya san haka."

Ban saba sa baki a maganar masu aiki ba. Shekara arba'in da biyu ina kai wa Malam ruwa wurin aikinsa, ban taɓa ce masa ga yadda ake riƙe guduma ba. Amma wannan ƙullin na san shi.

Na ce, "Yaya, ba haka ka ce ba ranar."

Suka juyo gaba ɗaya.

"Ni na ɗaure shi. Malam yana riƙe da akwatin, kai kana tsaye a bakin ƙofa kana shan shayi. Na tambaye ka wacce zan ɗaure, ka ce a shagonka ja ba ya neman alama, baƙa ake ɗaurewa, kamar akuya mai ɓarna. Sai na yi mata irin ƙullin da nake rufe ɗinki da shi. Ki duba, Injiniya, zagaye biyu ne."

Ta jawo wayar ta duba. Zagaye biyu ne.

Ta narka dalma, ta juya wayoyin, ta mayar da tuwitar, ta ɗaure. Ta danna, sautin ya taso ya hau ya ɓace, layin ya taho ya wuce tsakiya bai ko sunkuya ba. Ta ɗora shi a kan na hagu, suka kwanta a kan juna kamar zare ɗaya.

"Da ma na sani," in ji Yaya. "Gwada ki nake yi."

"Ka sani? Kai da ka ce ƙulli ja ne, kowa ya san haka?"

"Kowa na ce. Ni kowa ne?"

"Tsoho, dokar shagonka ka manta. Kaka ce ta riƙe maka ita shekara uku. Gobe sai ka manta hanyar gida mu sa cigiya a rediyo, rediyon ma a rasa mai gyarawa."

"Ke kuma da digirinki da talabijin ɗinki, wa ya fitar da ke daga rijiya? Matar da ba ta gama firamare ba."

"Ita kakata ce. Kai fa?"

"Ƙanwata ce kafin ta zama kakarki!"

Sai ya fashe da dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro sukundirebansa mai jan ƙota, wanda tun ina budurwa nake ganinsa da shi, ya miƙa mata.

"Karɓi. Ɗankwalinki ya yi waƙa, na yarda. Hannuna ya tsaya, naki ya fara."

Ta karɓa da hannu biyu, har ta ɗan rusuna, abin da ban taɓa ganin ta yi masa ba. Amma bakin bai mutu ba. "Sadakin nawa ke nan?"

"Rabi ne. Ai lokacin ragi ne."

Ta rufe kwalin masu ƙarfen ta ajiye a bakin ƙofa don ta mayar. Na ce ta yi sauri, la'asar ta kusa. Ta ce saura abu ɗaya. Ta kwashe bargo, ta jawo kujerata ta ajiye a tsakiya, daidai tsakanin akwatunan biyu, har da awo. Ta zaunar da ni. Sannan ta ciro kaset ɗin da Malam ya taɓa yi mata lokacin tana makaranta a nesa, ta sa.

"Injiniya, ki saurara. Akwatunanki sun samu, saura sifika. Ki yi karatu sosai."

Malam yana da wushirya, in ya yi magana wani ɗan siririn fito yakan biyo iskar bakinsa. Na sha sa kaset ɗin nan a ƙaramar rediyona, fiton ba ya fita, har na fara zaton ni ce na ƙirƙira shi. Sai ga shi. Yana nan a tsakiyar falo, daidai inda yakan tsaya yana kakkaɓe garin katako daga rigarsa.

"Ni ban ji wani bambanci ba," in ji Yaya, yana goge ido da bakin hannun riga.

Injiniya ba ta kula shi ba. Ni take kallo, ta riƙe sukundireban a ƙirji.

Na ce, "Shi ne."

Abin da take jira ke nan. Shekara uku da suka wuce, ranar da za ta koma makaranta bayan rasuwar, ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, ta kalli akwatunan ta kalle ni ta ce, "Kaka, kar ki bari kowa ya taɓa min su. Ranar da suka yi magana kuma ke za ki zauna a tsakiya. Na'ura za ta gaya min ko sun yi daidai, ke ki gaya min ko shi ne."