Hoton ƙafata da takalman Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da ran da manjo, babban malamin asibitinmu na Buza, ya saki ƙafata ya ce, "Wannan sai an yi mata hoto. Ka tai asibitin mishan." A hankali ya faɗa, yana wanke hannu. Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne za a yanke mini ƙafa.

Ina da dalilina. Maganar da aka yi wa Baba ke nan, Allah ya jiƙansa. Ciwon suga gare shi, kuma daga ƙafa ya fara. Aka yi hoto, aka cire yatsa, daga baya aka cire har gwiwa. Bai ga damina ba. Da aka zo rabon kayansa na ce ban son riga ban son hula, a ba ni baƙaƙen takalmansa sau ciki, waɗanda yake sawa ran Juma'a. Da su nake zuwa ko'ina, har garkar albasa a ƙasan kwari, cikin duwatsun nan namu. Ba a jima ba ciwo ya kama ni a tafin ƙafar dama, daidai gindin yatsu, kamar kullum da tsakuwa nake tafe. Na sha ƙwaya, na shafa man zafi, wanzami ya yi mini ƙaho. Ciwo yana nan wata da watanni.

To, sai na yi abin da na ga Baba ya yi kafin a kwantar da shi. Na bi gida gida ina neman gafara. Har mai shayin tasha na je wa (mutumin da ko musu ba mu taɓa yi ba). Ya ce, "Mi ka yi mini?" Na ce shi dai ya yafe. Babur ɗina kuwa na kira taubashina Sale na ba shi a gaban mutane, na ce mai ƙafa ɗaya ba ya da abin yi da shi. Sale ya yi ƙwalla sosai, amma fa ya karɓi makulli.

Muka kama hanya ta Madawa, ni da Sale da Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba. Muka ɗauki tabarma da bargo da buta da tukunya da garin tuwo, daidai yadda muka yi a jinyar Baba. Da isarmu matan da ke jinya a tsakar asibitin suka matsa suka ba Gwaggo wurin shimfiɗa, suna yi mata sannu.

Aka ɗebi jinina, aka kai ni ɗakin hoto. Mai hoton ya ce in cire takalmi in tsaya a kan ƙafar, don a ga ƙashin yadda yake ɗaukar nauyina. Cire takalmin nan sai da ya kama mini, ina ja yana ja. Da na'urar ta yi ƙara na rufe ido na fara kalmar shahada. Ya ce, "Malam, ai an gama. Ba ya da zahi."

Likitar wata mata ce mai sanyin magana. Ta bar Gwaggo da Sale suka shigo, ta nuna mana hoton. Ban taɓa ganin ƙasusuwana ba, farare sirara kamar karan gero.

"Jininka lahiya lau, babu suga," in ji ta. "Ga inda ke maka ciwo. Ƙashin nan ne ya ɗan tsage. Yana son haɗewa, amma kullum ana sake matsa shi."

Na daure na ce, "To yaushe za a yanke?"

"A yanke mi?"

Sai ta dubi ƙasa, inda na tuɓe takalmin don ta duba ƙafar. Ta sunkuya ta ɗauki takalmin ta ajiye gefen ƙafata. Kowa ya gani da idonsa, yatsuna sun wuce bakin takalmin, faɗin kuwa ba a magana. Ta ce, "Na wa ne wannan?"

Gwaggo ce ta amsa. "Na Yaya ne, likita. Ni dai na gani tuni, kunyar maraya ta hana ni magana. Ƙahwar yaron ga tun yana goye kamar galma take, ta dangin uwa tai ce. Yaya kuwa 'yar ƙahwa gare shi kamar ta budurwa."

Sale ya fita da sauri. Ta taga nake jin dariyarsa, har da tari. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige, gardi da gemu, ya gama ban kwana da gari guda saboda takalmi ya yi masa kaɗan.

Likitar ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina gode mata. Ta tambaye ni yaushe Baba ya rasu, ta yi mini gaisuwa kamar ranar aka yi. Sannan ta ce in nemi takalmi mai faɗi mai taushin ciki, in huta da hawa da gangara har ƙashin ya haɗe. Muka naɗe tabarmarmu tukunya ko wuta ba ta gani ba. Matan nan suna tambayar Gwaggo ko an maida mu wani asibiti ne, ita kuwa tana ba su labari tiryan tiryan.

Sale ya yi kwanaki yana zagaya ƙofar gidana da babur yana danna oda, yana cewa, "Mai ƙahwa guda, akwai shaidu hwa!" Daga baya ya maido shi, babu ko ɗigon mai. Abin da na koya dai shi ne, in mutum zai raba kayansa, ya bari hoto ya fito tukuna.

Ƙafa ta warke, alhamdu lillahi, da ita nake taka garka yau. Gwaggo ta ce in ba da takalman sadaka ga wanda za su yi wa daidai, ladan ya kai wa Baba. Na ce to. Har yanzu ban bayar ba.