Ranar da Gwaggo Ta Ji Kanta a Littafina

Ba zan taɓa mantawa da ranar suyar kayan garar Hadiza ba, ko da kuwa na tsufa na fara rikita sunayen jikokina. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara tona wa kaina asiri. Kun san littattafan nan da ake yayi yanzu, a ɗauko tatsuniyar da kowa ya sani a juya ta ta koma abin tsoro? To ni ma ina rubuta su a waya, da sunan aro. A gida kuwa malamar firamare kawai aka sani, salihar baiwar Allah. Wanda ya fi karɓuwa cikin littattafaina shi ne na marainiyar da aka aika rafi, ta tarar da tsohuwa ta ce ta cuɗa mata baya. A tatsuniyar asali tsohuwar mutuniyar kirki ce. Ni da shegen iyayi na ce ina! A nawa littafin kiwon 'yan mata take yi, ta ciyar da su har su yi ɓul-ɓul, sannan ta cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Da na zo siffanta tsohuwar, kaina ya ƙi kawo min kowa sai Gwaggo. Yayar babana ce, ita ta riƙe ni a gidanta na Ƙofar Marusa tun ina rarrafe, bayan rasuwar mahaifiyata, kuma a bakinta na fara jin tatsuniyar. Na ari haƙorin Makkanta na ba tsohuwa. Na ari totuwar masarar da take sokewa a kara tana sosa baya. Har waƙar da take yi mana a tsakiyar tatsuniyar, wadda ita ta ƙirƙiri abarta, ban bar mata ba. (Na ce ai Gwaggo ba ta karatun boko, balle na waya. Na manta akwai masu karanta littattafan nan da murya su saka a intanet, alhali ni da kaina na ba wata izini, har da godiya.)

Ranar dai mata sun cika tsakar gida da hantsi, ana ta dublan da alkaki da cincin na auren Hadiza, autar Gwaggo. Ni aka ba kaskon dublan. Sai Asabe maƙwabciyarmu ta jingina wayarta a jikin turmi ta ce, "Ku bari in sa muku wani littafi, wallahi ko barci ba ya bari in yi."

Jimlar farko na gane abina. Me ya kamata mai hankali ta yi? Ta ce cajin wayar zai ƙare, ko ta ce a sa wa'azi. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni. Ina ganin mata sun yi tsit suna saurare, har na gyara ɗaurin ɗankwali na ce, "Kai, marubuciyar nan ta iya Hausa." Ba wanda ya tambaye ni fa.

Gwaggo na zaune bisa kujera 'yar tsugunno tana duba aiki. Zafin wuta ya dame ta, ta miƙa hannu ta jawo karan totuwarta ta zura shi ta wuyan riga. Daidai lokacin muryar cikin waya ta ce, "Sai tsohuwar ta ɗauko totuwar masara da ta soke a kara, ta sosa bayanta, ta yi murmushi, haƙorin Makka ya haska."

Jama'a, kun taɓa ganin mata sun juya kai lokaci guda kamar an ja su da zare? Hannun Gwaggo ya tsaya cak a bayanta. Wata ta tuntsire da dariya ta mayar da ita tari. Ni kuwa na dage da juya dublan ɗin da ya riga ya ƙone, ina addu'a a zuci Allah Ya sa wayar ta faɗa cikin mai.

Ba ta faɗa ba. Sai ma waƙa ta biyo baya: "Cuɗa ni 'yar marainiya, cuɗa a hankali, bayan tsohuwa ba dutse ba ne."

Gwaggo ta zare karan ta aje. Ta ce, "Ke Asabe, tsaida wagga aba." Sannan ta dubi taron. "Waƙar ga, mutum biyu na taɓa yi ma ita a duniya. Ɗaya Hadiza, ita ko saƙon gaisuwa sai an rubuta mata." Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma dube ni ba. Sauran matan ne suka yi mata aikin.

Asabe ta dafe ƙirji. "La ila! Malama, ashe ke ce? Shi ya sa kike cewa ta iya Hausa!" Gida ya ɗauki shewa. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige ban ko tsaya ɗaukar takalmi ba.

Na rarrafa gaban Gwaggo na durƙusa. "Gwaggo, don Allah ki yi haƙuri, ƙirƙira ce kawai."

"Na ji ina cin ɗiyan mutane," in ji ta. "Ke da kika girma bisa bayana, wane gefe na gutsura? Tashi mu gani." Aka sake fashewa da dariya. Sannan ta ce, "Asabe, maida shi, in ji yadda zan ƙare. Ke kuma zamna nan kusa da ni."

Ni kuwa na san ƙarshen. Ina zaune gwiwata na gogar tata, muka saurari yadda marainiya ta lallaɓa ta tura tsohuwa cikin tukunyar tafasasshen ruwa ta rufe da faifai. Matan da ke shewa ɗazu duk suka sunkuyar da kai suna murza ƙullu.

Da aka gama, Gwaggo ta juyo gare ni. Ta ce, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "A tawa dai, tsohuwar wanka ta yi ma yarinyar, ta ba ta tuwo, ta raka ta har gida."

Wallahi da mari ta yi min da ya fi sauƙi. Na yi kuka har majina, a gaban baƙi, da gari a fuskata. Ita ce ma ta share min da haɓar zaninta, ta ce in koma bakin kasko kafin in ƙone garar ƙanwata kaf.

Ban daina rubutu ba, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Amma na koyi darasi: in za ki ƙirƙiri mayya, ki wahala ki nemo mata fuska daga wata unguwa. Kada ki ari ta wadda ta goya ki.