Yatsa Biyu Tsakanina da Haɓar Mai Girma

Jama'a, da safen nan na daki haɓar wani Mai Girma. Kafin ku fara yi wa iyalina jaje, ba da hannu na dake shi ba, kuma ba shi ɗin ba ne, hotonsa ne. Ƙarfen saman a-kori-kurata ne ya gaisa da shi a sabuwar ƙofar maraba da aka kafa a bakin gadar kwarinmu, ji kake ƙwam! Ga buhun dankali ashirin a bayana, ga sama ta haɗe rai, ga motar dillali za ta bar gari da la'asar, ita ce kuma ta ƙarshe kafin dusar ƙanƙara ta rufe hanyar tsaunukanmu. In dankalin nan bai haye ba, noman shekara ya tafi a banza.

Bari in koma baya kaɗan. Bara da ƙananan tayoyi na fito, masu inci goma sha biyar, irin waɗanda takardar mota ta ce a sa. Hanyarmu kuwa kun san ta. Ramukanta sun daɗe da mu har mun raɗa musu suna: akwai Randa, akwai Kabarin Jaki, akwai kuma Alkawari, wanda duk zaɓe yake ƙara zurfi. A cikin Alkawari cikin motata ya zauna daram a kan dutse, baƙin mai ya tsiyaye, dankali ya daskare ya ruɓe. Hunturun bara da shayi mai gishiri da busasshiyar gurasa da kallon juna muka ci shi.

Shi ya sa bana uwargida Gul Chehra ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "Baban Nasima, in ka sake kai wa Alkawari dankalina, ka shimfiɗa bargo can ku ci tare."

Sai na nufi wurin Ustad Mastan mai faci. Ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ɗago ya dube ni sheƙeƙe.

"Niyat Baig, kai wa kake auna wa taya? Mota ko hanya?"

Na ce, "Ustad, takarda ta ce..."

"Takarda ta taɓa faɗawa Alkawari? Saurara. Faɗi kada ka taɓa shi, in ka ƙara, duk sanda ka karya kan mota taya za ta goga madigadi. Tsawo za mu ƙara. Inci goma sha shida, masu dogon gefe. Sai dai agogon gudu zai riƙa yi maka ƙarya, kana sheƙawa yana cewa a hankali kake."

Na ce ba komai, ƙarya ɗaya ce ta ƙaru a gundumar, ita kuwa ko ƙuri'a ba ta nema.

Wallahi Ustad ya san aikinsa. Na haye Randa ina waƙa. Na haye Kabarin Jaki ina ɓarar gyaɗa. Da na zo Alkawari har gilashi na sauke na ce masa, "Ina kwana, ya iyali?" Raina fes, sai da na iso gada.

Ashe cikin makon nan aka gama ƙofar maraba ta murnar kammala hanyar da ba a fara ba. Masha Allah, ƙofa ce ta gani ta faɗa, ƙarfe zalla, da fenti mai walƙiya, da hoton Mai Girma Uban Ayyuka yana murmushi, haɓarsa ta sauko har gefen allon. An ce da motarsa aka auna tsayinta, motar da ta zo daga gari, ta leƙo, ta juya. Tawa kuwa da sabbin tayoyi ta haura da yatsa biyu cif.

Ƙarar ce ta fito da Shukur Wali daga rumfarsa. Tare muka yi kiwon awaki muna yara, amma yanzu shi ne Mataimakin Mai Kula da Ƙofa, yana da hula da sanda mai jan fenti. Ya dubi haɓar, ya dubi tayoyina, ya kama baki.

"Niyat Baig, me kake nufi da waɗannan tayoyi?"

"Ramuka, yallaɓai."

"Waɗanne ramuka? Karanta allon. An kammala hanya. Duk wanda ya sa doguwar taya cewa yake akwai rami, wanda ya ce akwai rami kuwa ƙazafi ya yi wa hanya."

Na ce, "Shukur, jiya da idona na gan ka kana fitar da babur ɗinka daga Randa."

"Jiya ba na kan aiki."

Na ce to bari in sace iska kaɗan, mota ta sauka. Ya ɗaga sanda. Wai ƙarar iskar taya a ƙarƙashin hoton tsaki ne ga Mai Girma, an riga an yi zama a kan haka. Na ce to in ɗora duwatsun nan na gefe su danne ta. Ya ce waɗannan duwatsun aikin hanya ne, an ƙaddamar da su, har ɗaya yana da kirtani. Na zauna a kan bamba, hawaye na neman zubo mini, don na ga ƙwayar ƙanƙara ta farko ta sauka a hannun rigata, na kuma tuna fuskar Gul Chehra.

Ana cikin haka sai ga taimakon Allah ya tsallako gada da ƙafa: Kwamitin Duba Lafiyar Ƙofa, mutum bakwai, sun zo daga liyafar rana. Jama'a, ban taɓa ganin arzikin gundumarmu a tare wuri ɗaya ba sai yau. Kowannensu maɓallin rigarsa na neman agaji. Shugabansu, Mai Girma Sarkin Yankan Kirtani, ya hango buhunan, idonsa ya yi haske.

"Madalla! Ga manomi yana cin moriyar sabuwar hanya. Kai, bawan Allah, za mu hau a ɗauke mu hoto."

Na ce, "Ranka ya daɗe, motar ai taku ce."

Na farko ya hau, mota ta yi nishi. Na uku ya hau, ta durƙusa. Da shugaba ya ɗora ƙafa, sai da na ji tausayin tayoyin Ustad. Na ɗaga kai na duba: tsakanin ƙarfena da haɓar har tafin hannu zai wuce. Mai hoto ya ce in matsa gaba a hankali don a ga kamar ana tafiya. Na matsa. Shukur Wali ya ƙame yana sara wa tayoyin da ya gama zagi, muka wuce ƙofa, muka haye gada, katako na kuka, kwamiti na ɗaga wa kogi hannu.

Na iske motar dillali ana ɗaure mata tamfol. Dankali ya shiga, alhamdu lillahi. Don haka masu cewa manyanmu ba su da amfani ku ji tsoron Allah. Shekara ashirin ina tambayar ina abincin gundumar nan yake tafiya, yau na gan shi, na kuma amfana da nauyinsa.

Saura magana ɗaya. Wannan rubutu a tsallaken kogi, ɓangaren gari, nake yin sa, a bakin gada, a kan sitiyari. Motar da ta sauke dankali da kwamiti ta miƙe tsaye, yanzu ba yatsa biyu ba, yatsa shida ta haura. Gida yana can bayan haɓar Mai Girma, ƙanƙara na sauka, Shukur Wali yana goge sandarsa, Gul Chehra kuwa ta aiko cewa shayi na hucewa.

In akwai mai karatu da ya san inda kwamiti ke cin abincin yamma, don Allah ya gaya musu manomi na neman a sake hoto. Kada dai su zo kafin su ƙoshi.