Ranar da Kilishi Ya Kira Mini 'Yan Sanda

Ba zan taɓa mantawa da ruwan saman da ya sauka a Doha a tsakiyar zafi ba, shekarar da aka yi gasar cin kofin duniya. Mutanen gari da murna suke tuna shi, wasu har yanzu suna ajiye da hotunansa a waya. Ni kuwa duk lokacin da ya faɗo mini a rai sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Direba ne ni a wani gida a Al Aziziya. Maigidan shi ne kafil ɗina, wato zamana a ƙasar a hannunsa yake, kuma mutum ne mai ƙarancin magana da wuyar yarda da mutane. Lokacin korona na samu shiga wurinsa. Kowa ya kulle a gida, ni ke fita cefane da sayen magani, ban taɓa dawowa da ƙorafi ko cuta ba. Shi ya sa a wannan shekarar, da zai kwashi iyali su tafi hutun zafi, ya miƙa mini makullan gidan gaba ɗaya, abin da bai taɓa yi wa wani ma'aikaci ba. Ya ce in riƙa ba shukoki ruwa, in kuma kai mahaifiyarsa asibiti ranar ganin likita (gidanta na jikin namu, kowa Mama yake kiran ta). Ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa kada in shigo da kowa, kada in yi abin da ba a sa ni ba. Na ce an gama. Daren nan da makullan a ƙarƙashin matashi na kwana, don jin daɗi.

To, akwai wata cuta da na kwaso a zaman kullen nan, ba korona ba, ita ce duba yanayi. Na samu wani shafi a waya da ke jera yanayin kowace rana kusa da abin da aka saba gani a garin shekara da shekaru. Zanen ruwan sama yakan ɗan yi tudu lokacin sanyi, daga nan ya kwanta shamɓal a ƙasa duk tsawon zafi. Na haddace lokacin da iskar arewa ke tasowa, na haddace lokacin da danshin teku ke sa gilashin mota gumi. Ranar Juma'a idan muka taru a ɗakin 'yan uwanmu a unguwar Mesaimeer, ni ne mai ba da fatawa, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. Har suna suka sa mini, wai Hukumar Yanayi. (Zolaya ce, amma ni a lokacin sarauta na ɗauke ta.)

Shekarar nan kuwa tun farko ba ta bi layi ba. Sanyi ya yi mana wani irin shiga da ban saba ji ba, guguwar yashi ta yi ta maimaita kanta kafin zafi ya kama. Kowane ɗaya na samo masa bayani. Mai hankali zai ce shekarar da ta saɓa a farko a riƙa sa mata ido, ni kuwa sai na ƙara kumbura.

Bayan Babbar Sallah nama ya taru mana a firiza, da rabon layya da aka ba mu a gidajen aiki, da na saniya da aka samo daga kasuwar Abu Hamour. A cikinmu akwai Baba Iro, dattijo mai aikin gadi, ɗan gidan mahauta ne daga Gusau. Ya leƙa taga ya dubi rana ya girgiza kai.

"Wannan rana da ake asara," in ji shi. "Da a gida ne, kilishin da zan yi da ita sai an yi labari."

Tun kafin korona rabon wasunmu da kilishi. Matsalar ita ce wurin shanya, don saman ginin nasu a kulle yake, ƙasa kuma kyanwoyi. Ba wanda ya roƙe ni, wallahi ba wanda ya ko dube ni. Bakina ne ya buɗe da kansa.

"Ga saman bene guda a hannuna," na ce, ina kaɗa makullai.

Baba Iro ya yanyanka naman falle-falle a can Mesaimeer, ni kuma na ɗauko a but ɗin mota na hau da shi. (Na gaya wa kaina ban karya sharaɗi ba, tunda nama ba mutum ba ne. Rabin sharaɗin na biyu kuwa na yi kamar ban ji shi ba.) Shanyar farko ta yi kyau ƙwarai. Na mayar wa Baba Iro, aka tsoma a labu, wato kunun tunkuza da barkono da citta da kanumfari da masoro. Matasa suka nace sai an yi shi ja irin na tashar mota, Baba Iro ya zazzaga jan kala har da ƙari. Da asuba na sake hawa na baje shi a kan ragar waya, can gefen indararo inda iska ta fi kaɗawa.

Ina saukowa wayata ta yi ƙara.

"Malam, ka ga saƙon da ke yawo?" in ji Baba Iro. "Wai akwai hadari. Ko za ka sauko da kayan nan?"

Na yi dariya har da riƙe bango. "Baba, a watan Yuli? A Doha? Ka kwantar da hankalinka. Wannan na ƙasashen maƙwabta ne, mu nan ko yayyafi ba ma gani sai sanyi ya shigo."

"To sama dai ta yi duhu."

"Danshin teku ne. Ka bar wa masu abin abinsu."

Ranar ce kuma ranar asibitin Mama. Na kai ta ita da matar da ke kula da ita, suka shiga, na zauna a mota ina jira. Ɗigon farko da ya faɗo a gilashi na ce tsuntsu ne. Na biyu na ce daga na'urar sanyaya ginin ne. Sai tsawa ta fashe, irin wadda rabona da ji tun ina gida, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Na kunna mota, na kashe. In tafi, Mama ta fito ba direba, wannan kora ce kai tsaye. In zauna, ga abin da ke saman bene. Na zauna ina kallon ƙofar asibiti ina addu'ar likita ya taƙaita.

Da ta fito, fuskarta tamkar ranar Idi. Tsohuwar da ke tafiya da sanda ta tsaya a fili ta tara hannu ta shafa ruwan a fuska.

"Rahama ce, ya waladi," in ji ta. Haka take kira na, wato ɗana. "Tun ina yarinya ban ga irin wannan a wannan lokaci ba. Bi da mu ta bakin teku."

"Mama, tituna za su cika da ruwa, gara mu kama hanyar gida."

"Yalla, mu je bakin teku. Kuma a hankali."

Ban taɓa tsanar kyakkyawan wuri irin na ranar ba. Teku ya yi toka-toka, ruwa na dukan sa, dogayen gine-gine sun shige cikin gajimare. Mutane sun faka motoci suna ɗaukar hoto kusa da agogon nan mai ƙirga kwanakin da suka rage a fara gasa, yara na tsalle a jiƙe. Mama ta sauke gilashi tana salati tana kiran ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina riƙe da sitiyari da hannu biyu, rigata ta jiƙe da gumi, wayata na ta rawa a aljihu. Baba Iro ne, sai Baba Iro, sai kuma wata lamba da ban sani ba. A raina ina lissafin asarar nama ne kawai da abin da zan gaya wa mutanen Mesaimeer. Ashe wannan ƙaramin abu ne.

Muna karyo kwanar layinmu na hango motar 'yan sanda a ƙofar gida, fitilarta na juyawa. Maƙwabta sun yi cirko-cirko, kowa ya ɗaga kai yana kallon sama. Na bi idonsu. Farin bangon maigida, wanda aka yi wa sabon fenti saboda baƙin gasa, ya yi ja tun daga bakin indararo har ƙasa. Jan ruwa mai kauri na kwarara, ya ratsa tsakar gida, ya fito ta ƙarƙashin ƙofa zuwa titi. Ga tsokoki manne a jikin bango, ga wata doguwa tana reto a bakin indararon. Kyanwoyin unguwa sun jeru a gindin katanga.

Mama ta dafe ƙirji ta saki salati da ƙarfi. Duk layin sun san masu gida ba sa nan, sun kuma san a hannun wa makullai suke. Na ga idanu sun juyo kaina tun kafin in buɗe ƙofar mota.

"Kai ne direban gidan?" in ji babban cikin 'yan sandan biyu.

"Ni ne."

"Wa ke saman bene?"

Ɗan Larabcin da na tara duk ya gudu ya bar ni. "Ba kowa," na ce. "Nama ne kawai."

Ya dubi abokinsa, abokin ya matso kusa da ni. Aka ce in wuce gaba. Sai da na gwada makulli kusan duka kafin ƙofa ta buɗe. A kan matakala na ga abin da ya ƙarasa kashe mini jiki, ruwan ya biyo ta ƙarƙashin ƙofar sama yana gangarowa a kan kafet mai ruwan madara, mataki bayan mataki. A can sama kuma nama ya toshe rabin indararo, wuri ya zama tafki ja har idon sawu, kilishin mutane na yawo a kai, ƙamshin citta da kanumfari ya cika ko'ina.

Ƙaramin ɗan sandan ya tsamo falle ɗaya da yatsu biyu, ya shinshina, ya dube ni. Na yi masa bayani da baki da hannu, na nuna yanka, na nuna shanya, na nuna inda rana ya kamata a ce tana nan. Ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza. Babban bai yi dariya ba. Ya ce in kwaso in sauko da shi mutane su gani da idonsu, don hankalin unguwa ya kwanta.

Haka na fito ƙofar gida ɗauke da faranti cike da jiƙaƙƙen nama, wandona ja har gwiwa, ina bin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ina nuna musu kamar mai talla. Ban gama ba na ji Mama ta kira ni. Ta riga ta kira ɗanta ta bidiyo, ta nuna masa bango, an shiga an nuna masa matakala, yanzu saura ni. Maigida ya dube ni ta cikin wayar.

"Me ya kai nama saman gidana?"

"Rana nake nema, ranka ya daɗe."

"Ba ka ga hadari ba?"

"Na gani."

"To?"

Da na yi shiru da ya fi mini. Amma a gaban 'yan sanda da maƙwabta, ruwa na ɗiga daga kan hancina, na buɗe baki na ce, "A bisa lissafin shekaru, ba a yin ruwa a wannan watan."

Wani a bayana ya fashe da dariya, saura suka kama. Maigida bai ko murmusa ba.

"Khalas, shi ke nan," in ji shi. "Ba Mama makullan."

Na ajiye faranti a ƙasa. Makullan na haɗe da na ɗakina a zobe ɗaya, yatsuna kuma sun yi santsi da man tunkuza, na yi ta fama kowa na kallo, kyanwoyi na cin rabonsu a gefen ƙafata. Wannan ɗan lokacin ya fi hawa bene da 'yan sanda ciwo. Amanar da na yi shekaru ina ginawa ce nake ɓamɓarewa da farce.

Bai kore ni ba. Ina so in ce don halina ne, amma gaskiya baƙin gasa na tafe kuma direban da ya san gari ya yi wuya. Ni na yi fentin bangon cikin zafin da ya dawo washegari kamar ba abin da ya faru, jan yana sake leƙowa ina sake shafawa. Baba Iro bai taɓa tayar da maganar naman ba, sai dai duk Juma'a yakan dube ni da ladabi ya ce, "Malam, yau za mu iya shanya wanki?"

Har yau idan iyalin suka yi tafiya, a bakin ƙofa nake tsayawa in danna ƙararrawa. Mai kula da Mama ta zo ta buɗe, ta tsaya a kaina har in gama ba shukoki ruwa, ta kulle a bayana. Abin na yi mini zafi kowane lokaci, kuma ba ni da bakin magana.

Darasin da na ɗauka bai da yawa. Lissafin shekaru labarin jiya yake bayarwa, wanda ya yi shanya kuwa da saman yau yake hulɗa. Sannan duk abin da na san ba zan iya yi wa ɗan sanda bayaninsa da Larabci ba, na daina hawa da shi benen mutane.