Goman Anbariyya da Goman Khaibar

"Ni fa ido rufe nake haɗa kwamfutoci!" in ji Nasrullahi, yana bugun ƙirji, ranar da Hajiya Ƙaltume ta ce duk wanda ya haɗa mata ofisoshinta uku, shi ne mudir, wato shugaban sashen kwamfuta. Kai ma ka san irinsu: tumbi a gaba, biro huɗu a aljihu, sunan "Muhandis" kuwa, wato injiniya, shi ya raɗa wa kansa.

Hajiya na da masauki a unguwar Anbariyya, da rumbun dabino can a garin Khaibar, sai ofis kusa da filin jirgin Madina. A nan ake rubuta sunayen masu Umra, a tura masauki a ba su ɗakuna.

Gogan naka ya kakkaɓo wasu tsofaffin rauta, akwatunan nan masu nuna wa saƙo hanya. Su a tsarinsu na da, adireshin kwamfuta aji uku ne: A da B da C.

"Wanne za ka ɗauka, ya ammi?" in ji Zaituna, 'yar Hajiya, mai kiransa ammi, wato baffa. Ita ta karanta abin a jami'a.

"A mana! Adireshi miliyan goma sha shida!"

"Kwamfutocinmu fa tara ne."

"Za su hayayyafa."

Ya ba Anbariyya lamba goma ɗigo ɗaya, Khaibar goma ɗigo biyu, ofishin filin jirgi da ke tsakaninsu kuma wata lamba dabam.

Zaituna ta ce, "Wallahi ba zai yi ba. A ajin A, lambar farko kaɗai rautar nan ke faɗa wa maƙwabciyarta. Anbariyya za ta ce ita goma ce, Khaibar ma ta ce ita goma ce. Ta tsakiya yaya za ta bambance su?"

"Khalas, ya isa, ya binti! Ran da na fara aikin nan ko haƙori ba ki yi ba."

Ranar Alhamis baƙi arba'in suka sauka daga Maraɗi. Baiwar Allah rautar tsakiya ta ji goma a dama, goma a hagu, sai ta yi adalci: saƙo ɗaya Anbariyya, ɗaya Khaibar. Rabin sunaye suka ɓace a rumbun dabino. A masauki kuwa, miji na da ɗaki, matarsa babu.

Hajiya ta faɗo ofis afujajan. "Muhandis, tsofaffi na tsaye a rana!"

"Minti ɗaya, ya Hajja!"

Ya kashe ya kunna. Shiru. Ya hure ramin waya. Shiru. Ya ce zafin Madina ne, ya cire hularsa yana yi wa akwati fifita, shi kuwa gumi har gwiwa. Can sai ya ce, "Na gano munafukar!" Ya fizge waya ɗaya. Ashe ta Anbariyya ce! Yanzu ba rabi ba, sunayen kaf Khaibar suke tafiya.

Zaituna ta ce, "Matsa, ya ammi." Ta mayar da wayar, ta sauya wa Khaibar lamba zuwa ajin C, goma ta zama ta Anbariyya kaɗai, ta sake tura sunayen. Kafin Muhandis ya gama share gumi, aka bugo daga masauki: kowa ya sami ɗaki.

Hajiya ta ce, "Mabruk, mudira."

Nasrullahi ya gyara murya. "Ai dama abin da zan yi ke nan. To ni fa, ya Hajja?"

"Kai kwashi jakunkunan baƙi ka kai Anbariyya. Zaituna, rubuta masa adireshin gaba ɗaya. Kada ya karanta lambar farko kawai, mu tsince shi a Khaibar."