Wa'azin da Ya Kwantar da Baba Rabaran

Ba a daɗe da ba mu jiha ba, makarantar Littafi Mai Tsarki a Gusau ta buɗe wa ma'aikata ajin yamma, karatun shekara uku cikin ɗaya. Na shiga da takardar yaƙi da jahilci. Na haye komai, saura gwajin wa'azi.

Abokan karatu suka ce in gwada gaban jama'a. Na ce, "Ni da nake wa yara faɗa kullum?" Sai na riƙa maimaita wa autana wa'azin, yana goye, ina jijjiga shi.

Ranar gwaji aka kai ni majami'a a Bungudu, tsakiyar damina, manoma a gajiye. Na fara da muryar da na saba, har da rausaya. Da na ɗaga kai, Baba Rabaran mai ba da maki yana munshari, sahun gaba suna gyangyaɗi.

Aka yaye abokaina, ni na maimaita aji. Har yau in jariri ya ƙi shiru a zumuntar mata, sai a miƙo mini shi: "Mama, taimaka masa da aya ɗaya."